Kafin kuɗin gero ya tafi kantin kayan kallo

 

Kowace shekara, da an gama ɗaurin gero an sayar da wake, tambayoyi biyu ne ke yawan zo mini: "Malam, wace tele zan saya?" da kuma "Wane bafil ne ya fi ƙara?" Ni ba mai kanti ba ne, ba ni da hajar da nake tallatawa. Na dai daɗe ina taɓa wayoyi da batura, kuma a unguwarmu in hoto ya ɗauke ko sauti ya fara gurnani, ni ake aiko yaro ya kira. Shi ya sa na ga gara in rubuta amsar sau guda, wanda ya karanta ya karanta wa na kusa da shi.

Wani zai ce ina ruwan shafin al'umma da zancen tele da bafil. To ai kuɗin da ake zubawa a cikinsu ba a ƙasa aka tsinto su ba. Damina guda gare mu a shekara, ita ma gajera. Abin da mutum ya kai kanti a watan Nuwamba, buhunan gero ne da zai nema ya rasa a watan Yuni. Wani kuma gumin ci-rani ne na wata takwas, wani akuyoyi uwa ta sayar don ta cika ɗakin 'yarta. In kayan suka mutu kafin a kai wata kaka, asarar ta gida ce gaba ɗaya.

Kallo da hasken rana ba baƙon abu ba ne a ƙasar nan. Tun 1964 Nijar ta fara koyar da yaran lakwal ta talabijin, kuma kafin shekarun 1960 su ƙare an fara kunna wasu daga cikin akwatunan da farantin sola. Marigayi Farfesa Abdu Mumuni, haifaffen Tasawa, wanda jami'ar Yamai ke ɗauke da sunansa, ya shafe shekaru yana jagorancin ofishin binciken makamashin rana na ƙasa. Da Télé Sahel ta fara aiki a ƙarshen shekarun 1970, an kai akwatunan kallo na jama'a garuruwa da dama, mutane su taru a fili da dare. Mu da muka tashi daga baya, gidan kallo muka sani: kaset na bidiyo, janareto yana hayaƙi a bayan zana, a biya 'yan daloli a shiga a ga fim ɗin Indiya ko na Kano. Daga nan CD ya zo, sannan kart memwar da kile. Yau kowa so yake kallon ya dawo cikin gidansa, kuma ina ganin dalilin mai kyau ne. Uban da yaransa ke kallo a tsakar gida ya san abin da suke gani, ya san kuma inda suke bayan isha'i.

To daga ina ake farawa? Yawancinmu daga girman allo muke farawa. Ni kuwa na ce a fara daga wuta.

Wanda ke cikin garin Tanut ko Belbeji yana da kuran, lissafinsa daban ne da na mutumin ƙauye ko na ruga. Amma ko mai kuran ɗin ma bai kamata ya saki jiki ba. Kowa ya tuna watan Agusta na 2023, lokacin da Najeriya ta katse wutar da take sayar wa Nijar, yadda manyan garuruwa suka kwana cikin duhu. Saboda haka duk kayan da za ka saya, ka tambayi kanka: in babu wutar gari, za su iya tashi da batir?

Ga lissafin, ba shi da wuya. Kowace na'ura akwai 'yar takarda manne a ƙeyarta da ke faɗin wat nawa take ci. Tele mai faifai ta inci 32, ko pus 32 kamar yadda masu kanti ke cewa, tana cin wajen wat 40. Dekoda wajen 15. Bafil matsakaici a ƙarar ɗaki wajen 25. Jimla 80 kenan. In za ku yi kallon awa 4 kowane dare, 80 sau 4, ya zama 320. Ƙara ƙwan fitila 3 da cajin salula, ka doshi 430. In wutar za ta bi ta cikin konbertisa, wato na'urar da ke mayar da bolt 12 zuwa 220, ita ma tana cin rabonta, sai lissafin ya kusa 500.

Yanzu dubi batir. Mai bolt 12 da amfa 100 yana ɗauke da 1,200 a rubuce. Sai dai batirin dalma, ko na ruwa ne ko na jel, rabi kawai ake so a sha a bar masa rabi. In kana tatse shi ƙarƙaf kowane dare, ba zai ga damina biyu ba. Kenan 600 gare ka, ya isa 500 ɗin nan da ɗan saura. Farantin da zai cika shi fa? Mai wat 150, in ya samu awa 5 na rana mai ƙarfi, 750 ne a takarda. Zafi da ƙura da wayoyi su kan ci kusan kashi ɗaya cikin uku, sai a tsira da wajen 500. Ka ga ya yi daidai wa daida, babu rarar ranar da hazo ya rufe sama. Shi ya sa nake ce wa mutane su ɗauki mai 200 in da hali. Kuma a tuna da fanka. Fanka guda mai wat 45 da za ta kwana tana juyawa awa 8 a watan Afrilu, ita kaɗai ta ci 360, ta haura kallon dare gaba ɗaya.

Abubuwa uku game da batir. Na farko, batirin mota ba na sola ba ne. An yi shi ne ya ba da wuta mai yawa cikin daƙiƙa kaɗan ya tada inji, ba a yi shi don a yi ta tsotsa har tsakar dare ba. Na biyu, kada a haɗa faranti da batir kai tsaye ba tare da regilata a tsakani ba, don cajin da ya wuce kima yana dafa shi. Na uku, zafi maƙiyinsa ne. Batirin dalma an auna rayuwarsa ne a zafin digiri 25, kuma duk ƙarin digiri 10 a kan haka yana rage kusan rabin kwanansa. Mu da ke haura 40 a bazara, wanda ya ajiye shi a ɗakin kwano mai rufaffiyar taga shi ya yanke masa kwana da hannunsa. A nema masa inuwa da iska, a ɗora shi kan katako. Batirin litiyom ya fi tsada a ranar saye, amma ana iya shan mafi yawan abin da ke cikinsa, kuma yana jure caji da saukewa sau dubbai, na dalma kuwa ɗaruruwa ne.

Akwai tele da dekoda da ke aiki da bolt 12 kai tsaye. Ga mutumin ƙauye su ne zaɓi na farko, don sun raba ka da konbertisa da asararta. Ƙananan konbertisa masu arha ma su ne ke sa bafil yin wannan zuuu ɗin da ba ya yankewa, saboda wutar da suke fitarwa ba ta da santsi irin ta gari.

Lokacin da ake tururuwar Jado, wani ƙanena ya dawo da alheri. Ya sauke tele mai inci 55 da bafil biyu masu tsayin yaro ɗan shekara bakwai, unguwa ta fito kallo. Da aka zo batun wuta, sai ga ɗan batir guda da faranti ƙarami, don kuɗin sun ƙare a kan allo. Kullum kafin ƙarfe tara hoto ya ɗauke, yara su watse su koma gidan kallo. Bayan wata biyar batirin ya kumbura. Allon nan ya fi shekara a jingine an lulluɓe shi da zane, kafin ya sayar da shi ƙasa da rabin kuɗinsa. Kayan ba su da laifin komai. Doki ya saya, bai tanadi harawa ba.

Sai batun allo. Girmansa ana auna shi ne daga kusurwa zuwa kusurwa, inci guda santimita 2.54. Inci 32 kenan santimita 81, inci 43 kuma 109. Ka tafi kasuwa da awon tela a aljihu, don ba kowane kwali ke faɗin gaskiya ba. Kafin ka fita ma, auna daga inda za a rataye shi zuwa inda ake shimfiɗa tabarma. In tazarar ba ta wuce mita 2 ba, 32 ya wadatar. Daga mita 2 zuwa 3, 43 ya fi. Abin da ya haura haka, na babban falo ne ko na mai gidan kallo. Babban allo a ƙaramin ɗaki gajiyar ido ne da wuya, ga shan wuta.

Za a nuna maka rubutun 4K a ce shi ne na yayi. Tambayar ita ce, me za ka zuba masa? Yawancin tashoshin da muke kamawa da parabol ba su kai wannan matsayin ba, finafinan da ake tura mana a kile kuwa an matse su ne don su shiga waya. Hoto maras kyau in ya hau babban allo, muninsa ne ke ƙara fitowa. Haka ma tele mai shiga intanet. Kallon awa guda a YouTube yana iya cin rabin jiga, in hoton mai kyau ne ya haura jiga guda. Wanda ba shi da kuɗin megan nan kullum, ko reso ba ya tsayawa a garinsu, ya biya kuɗin abin da ba zai mora ba. Abin da ya kamata ka duba da kyau shi ne ƙofofin baya: a samu HDMI aƙalla biyu, a samu wurin kile, a samu kuma wurin fitar da sauti zuwa bafil. Ka tsaya daga gefe ka kalli allon, don a gidajenmu ba kowa ke samun tsakiya ba. Wani allon da ka goce kaɗan fuskoki sun koma toka.

Masu tsohuwar tele mai ƙeya, in kuna kan kuran kuma tana aiki, babu dole a canza. A kan batir ne take zama nauyi, don ta kan ci ninki biyu na mai faifai.

Wasu matasa na tambayata batun majigi, wai su haska a bango kamar silima. Yana da daɗi a tsakar gida da dare, a kan farin bango ko farin yadi. Sai dai ƙananan masu arhan nan haskensu kaɗan ne, ko farin wata ya yi ƙarfi sai hoton ya dushe, da rana kuwa babu labari. Kuma suna da fanka a ciki da ke zuƙar iska don sanyaya fitila. A hunturun Damargu iskar nan rabinta ƙura ce. Wanda ya saya, ya san zai riƙa share matatarsa, ya kuma mayar da shi cikin jaka da an gama.

Yanzu mu zo kan sauti, inda aka fi cin kuɗin mutane. Za ka ga kwali an rubuta wat 3,000 ko 5,000 da manyan baƙaƙe, a gefe an sa PMPO ƙanana. Wannan lambar ta talla ce. Ta gaskiya ita ce wadda aka rubuta RMS a gabanta, kuma sau da yawa ba ta kai kashi ɗaya cikin hamsin na waccan ba. In babu RMS, juya ƙeyar na'urar ka ga wat nawa take ci. Abin da ke shan 30 ba zai yi ta fitar da 3,000 ba, kamar yadda tulu ba ya zubar da ruwan da ya fi wanda aka ɗura masa. Ga wata hujjar. Bafil mai taya da ake ja kamar akwati, galibi batirin cikinsa bolt 12 ne da amfa 7, wato 84. Da gaske yana fitar da 3,000, ko minti 2 ba zai yi ba zai mutu. Ɗaki na mita 4 da 4, wat 20 zuwa 30 na gaskiya a kowane gefe sun cika shi har sun yi yawa.

Wani abin da ba a sani ba: ninka wat sau biyu ƙari kaɗan kunne ke ji. Sai an ninka kusan sau goma kafin mutum ya ce ƙarar ta ninka. Saboda haka kuɗin da za ka ƙara don neman lamba mai yawa, gara ka sa shi a neman sauti mai tsabta.

Me muke saurare a gidajenmu? Labarai, tafsiri a watan azumi, wasan kwaikwayo irin su Daɗin Kowa da Labarina, sharhin kokowar takobi da ake yi tun 1975, wasan Mena, sai waƙa. Kusan duka magana ce. Hausa kuwa harshe ne da ɗagawar murya da jan wasali ke canza ma'ana: gari na zama da gari na tuwo, kuka na ido da kuka ta miya. Bafil ɗin da ba ya komai sai dum dum yana girgiza kwanon rufi, amma yana haɗiye waɗannan bambance-bambancen, sai ka ji tsofaffi suna ta "me ya ce?" Saboda haka in za ka gwada bafil a kanti, kada ka yarda da kiɗan da mai kanti ya zaɓa. Tafi da naka a waya. Sa karatu ko labaran rediyo a ƙarar da za ka saurara a gida, ka ji ko kowane harafi yana fita. Sa kalangun Shata, ka ji ko kana rarrabe ganga da ganga. Sa gurmin marigayi Malam Mamman Barka, ka ji ko tsirkiyar tana da zaƙi ko ta koma kamar gwangwani. Sannan ka ɗaga ƙarar zuwa kashi uku cikin huɗu. In ya fara karkarwa ko tsatsa, ajiye shi.

Gwaggona ta haura saba'in, jinta ya ragu. Jikokinta sun kawo mata katon bafil mai fitilu masu walƙiya, ta ce ita hayaniya kawai take ji. Na samo mata ƙanana guda biyu na katako, na ɗora su kan kanta daidai kunnen mai zaune, na rage na ƙasa na ɗan ƙara na sama. A azumin nan ba ta rasa tafsiri ko na rana guda ba, har tana gyara wa yara abin da malam ya faɗa. Kuɗinsu bai kai rabin na katon ba.

Akwai saitin da ake kira 5.1, mai bafil shida: uku a gaba, biyu a baya, guda na gurnani a ƙasa. An yi shi ne don finafinan da aka naɗi sautinsu hanya shida. Galibin finafinan Kano da na Indiya masu fassara da tashoshin da muke kamawa hanya biyu ne, dama da hagu. Ka ga huɗu daga cikin shidan maimaici za su yi ta yi, ga wayoyi sun zagaye ɗaki yara na tuntuɓe. Biyu masu kyau sun fi shida na roba. Iyaye mata masu haɗa kayan ɗaki, don Allah a duba wannan. Na san ana son a shigo a ga jere, amma amarya ce za ta zauna da kayan bayan 'yan biki sun watse.

Masu haɗa ampili da bafil daban, ku dubi lambar om. In ampili ya ce 4 zuwa 8, kada a sauka ƙasa da 4. Bafil biyu masu om 8 in aka jona su a baki guda sun koma 4, babu laifi. Biyu masu om 4 kuwa sun koma 2, ampili zai yi zafi ya ƙone. Yawancin waɗanda ake kawo mini da warin ƙuna, wannan ne sanadinsu.

Ɗakin ma yana da nasa hannun a cikin sauti. Ɗakin laka mai tabarma da katifa da labule ya fi ɗakin siminti mai tayil da rufin kwano daɗin saurare, don na biyun amsa-kuwwa yake yi, magana ta hau kan magana. Mai irin wannan ɗakin ya shimfiɗa darduma ya rataya labule mai kauri kafin ya zargi bafil. A sa guda a dama da allo, guda a hagu, a ɗan janye su daga bango, kada a cusa su a lungu.

Daga ina hoton zai zo? Hanya uku ce. Akwai parabol da dekodar da ba a biyan wata, inda ake samun Télé Sahel da tashoshin Hausa irin su Arewa24, wadda ta fara a 2014, da tashoshin wa'azi. Akwai na abonma irin su Canal+ da StarTimes, waɗanda masu ƙwallon Turai ke nema. Akwai kuma kile da kart memwar da ake cikowa wurin masu turi. Kafin ka zaɓa, zauna da uwargida da yara ka ji abin da suke kallo, don ita ce ke wuni da kayan, kai sai dare. Shi abonma kuma ka ninka kuɗin wata sau 12, ka ga ko za ka iya ɗauka har cikin watannin da rumbu ya yi ƙasa. Dekoda nawa ne ke kwance a gidaje an biya wata biyu an tsaya? Kuma kada a raina rediyo. Ƙaramar rediyo mai kyau da ke kama Muryar Sahel da gidajen rediyon karkara da shirye-shiryen Studio Kalangou, wutar da take ci ba ta taka kara ta karya ba, kuma ita ce ke bin ka gona da rijiya.

Kayan nan ba don ƙasarmu aka ƙera su ba, mu ne za mu kāre su. Ƙura tana shiga ta ramukan iska ta kwanta a kan allon ciki, zafi ya kasa fita. A ɗinka musu riga, a rufe in an kashe, a buɗe in an kunna. Kada a bar rigar a kai ana kallo. Farantin sola a goge shi da sassafe kafin ya yi zafi, a hunturu ko kullum ne. Da damina, in hadari ya haɗo da walƙiya, kashewa da telekomand ba ya isa. A zare filogi, a kwance wayar parabol daga bayan dekoda, don ta nan tsawa ke biyowa. Masu kuran su sa stabiliza tsakanin bango da kaya, kuma in wuta ta ɗauke a zare har sai ta dawo ta zauna. Kayan da aka sayo daga Kano filoginsu mai ƙafa uku ne masu faɗi, namu ramuka biyu ne zagayayyu. A sayi mahaɗi mai kyau. Cusa tsirarar waya da tsinken ashana ya ƙona ɗakuna ba ɗaya ba.

Wurin saye fa? Wani zai gangara Damagaram ya shiga Kasuwar Dole, wani ya aika Sabon Gari a Kano, wani ya jira kayan da ke saukowa daga arewa ta Agadas. Ko'ina akwai nagari akwai na banza. Arhar nesa tana da nata kuɗin: allo abu ne mai saurin tsagewa, kuma in ya iso a fashe bayan tafiyar kusan kilomita 150 a saman mota, wa za ka kama? Duk inda ka saya, a buɗe kwali a gabanka, a kunna, a bar shi ya yi minti 15. A sa farin hoto da baƙi ka duba ko akwai ɗigo ko layi. A gwada kowace ƙofa da kowane maɓalli na telekomand. A rubuta maka takardar saye da lambar na'urar da kwanakin garanti. Kafin duk wannan ma, je wurin mai gyaran garinku ka tambaye shi wane iri ne yake samun kayan gyaransa. Shi ya san wanda ke yawan zuwa teburinsa da wanda ba ya zuwa. Sunan da ke jikin kwali ba hujja ba ne, ana buga kowane suna a kan kowane abu.

In da mutum zai ba ni kuɗinsa ya ce in raba masa, a gidan da babu kuran, rabi zan sa a wuta: faranti, batir, regilata da waya mai kauri. Kashi ɗaya cikin huɗu allo. Sauran a raba tsakanin sauti da dekoda, a kuma ɓoye wani abu na gyara. In kuɗin ba su kai ba, a fara da wutar bana, a yi haske a yi caji a saurari rediyo, baɗi in Allah ya kai mu a ɗora allo. Sannu ba ta hana zuwa. Abin da ba na so shi ne a ci bashi ko a taɓa geron ci saboda kallo.

Saura magana guda, ita ce ta fi damuna. Gidajenmu katanga guda ce ke raba su, wani wurin ma zana ce. Ƙarar da ka saki ƙarfe sha ɗayan dare tana faɗawa ɗakin mai jego, da na maras lafiya, da na ɗan lakwal mai shirin jarrabawa, da na dattijon da zai tashi kafin asuba. Ba zai zo ya yi maka magana ba saboda kunya, amma haƙƙinsa yana wuyanka. 'Yan fada masu shayi a bakin titi, ku ma da ku nake. Sannan kunnen kanka da na 'ya'yanka. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce babba zai iya sauraron ƙarar desibel 80 har awa 40 a mako ba tare da cutuwa ba, kuma duk ƙarin desibel 3 yana rage rabin lokacin. Ba mu da na'urar awo a gida, amma ga ma'auni mai sauƙi: in sai ka ɗaga murya kafin wanda ke zaune kusa da kai ya ji ka, ƙarar ta yi yawa. Jin da ƙara ta kashe ba ya dawowa, babu maganinsa a asibiti balle a kasuwa. Yaran da ke zama dab da bafil su ne suka fi shiga haɗari, a ja su baya.

A sa wa kallon lokaci kuma. A kashe in an kira salla, a kashe lokacin karatun dare, a san abin da ke cikin kilen da yaro ya karɓo kafin a jona shi a gaban ƙannensa. Tele a tsakar gida tana iya tara iyali wuri guda, kaka da jika suna dariya tare, tana kuma iya raba su da hira gaba ɗaya. Wannan kam ba mai kanti ne zai zaɓa maka ba.

Allah ya sa albarka a abin da aka noma, ya dawo mana da matafiya lafiya, ya ba mu damina mai kyau baɗi.